Gani ya kori ji, amma wa ya riƙe kamarar?



Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kakanninmu da suka yi wannan karin magana suna nufin ganin da mutum ya yi da idonsa, yana tsaye a wurin, yana iya waigawa dama da hagu. Yau kuwa an samu wani gani na daban, wanda ake aiko mana cikin salula, wanda wani ne ya zaɓi inda zai tsaya, ya zaɓi abin da zai nuna, ya yanke abin da bai yi masa daɗi ba, sannan ya ce mana ga gaskiya. Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a turo wa ɗan kasuwa ko ma'aikaci irin wannan bidiyo ta WhatsApp ba: ga gobara a kasuwar gari kaza, ga an tsare motocin hatsi a kan iyaka, ga wani babba yana faɗar maganar da ƙila bai taɓa faɗa ba. Kafin a gane cewa hoton na bara waccan ne, ko na wata ƙasa ne, tuni kuɗin tiya ya motsa, tuni mutuncin wani ya zube.

Ni malamin makaranta ne, mushe kamar yadda yara suke kirana, a wata kwalej ta cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari, kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso da Dogonduci, ta nufi Birnin Ƙonni. Faransanci nake koyarwa. Sau ɗaya a mako, bayan an tashi, nakan zauna da wasu ɗalibai maza da mata waɗanda suka kafa ƙungiyar ƴan jarida ta lakwal, muna koyon yadda ake ba da labari da bidiyo. Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba: salula biyu, kaye da bik, da wata sanda da muka feƙe muna dogara salula a kanta. Abin da zama da yaran nan ya nuna mini, shi nake so in faɗa muku a yau. Ɗan jaridar lakwal yana ɗaukar hoton mutanen da zai gamu da su gobe a bakin rijiya da ƙofar masallaci. Mutane da yawa suna ganin wannan kusanci cikas ne ga aikin jarida. Ni kuwa na same shi malamin da ya fi ni iya koyarwa.

Ba yau aka fara ba

Nijar ba baƙuwa ba ce wajen haɗa na'ura da karatu. Dattawan ma'aikata za su tuna ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa a 1962, inda ake ba wani malami ko ma'aikaci na'urar ɗaukar magana, ya shiga ƙauye ya tambayi manoma ra'ayinsu, a aika da faifan Yamai, a watsa, mutane su ji muryarsu da kunnensu. A 1964 kuma aka buɗe talabijin ta makaranta da taimakon Faransa. A shekarun gwaji makarantu 22 ne suke cikin shirin, da yara wajen 800, kuma saboda rashin lantarki a ƙauyuka, tun 1968 aka fara gwada kunna akwatin talabijin da farantin hasken rana. Shirin ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970, kayansa da ma'aikatansa suka zama harsashin Télé Sahel. A wancan zamani hoto daga Yamai yake tasowa, ya iske yaro zaune a kan benci, aikin yaro kallo ne kawai. Yanzu kamarar tana cikin aljihun yayansa, wani lokaci ma cikin nasa.

Muna kuma da magabata a wannan sana'a, kuma nakan fara shekara da ba yara labarinsu, domin kada wani ya fake da rashin kaya. Moustapha Alassane tun yana saurayi yake yanka kwali yana haska shi da fitila, mutanen garinsu suna kallon inuwa tana motsi, kafin ya zama wanda Afirka duka ta sani da fim na zane. Oumarou Ganda soja ne da aka kai yaƙin Indoshin, daga baya ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. Da ya tashi yin fim ɗinsa na farko, Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo gida ya ɗauko, wato abin da ya sani ciki da waje. A 1972 shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu.

Mu mutanen Arewa muna da wani dalili na kanmu. Lugu tana cikin ƙaramar hukumarmu, kuma a can ne Sarauniya ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyauta a Wagadugu a 1987. Aiki ne da duniya ta yaba, ni ma ina cikin masu yabawa. Sai dai a Burkina Faso aka ɗauke shi, da ƴan wasa na can, kuma mafi yawan maganar cikinsa ba da Hausa aka yi ta ba. Akwai ɗalibaina da kakanninsu ƴan Lugu ne da Bagaji, waɗanda suka ji labarin daga bakin tsofaffi tun suna goye. In har waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to ya kamata mai ita ya koyi rerawa, ya kuma koyi rerawa da gaskiya.

Labarin wa?

Aikin farko da nake ba sabon shiga shi ne ya tafi kasuwa ya kawo mana labari. Kusan kullum abu ɗaya ne yake faruwa. Yaro zai dawo da hoto na minti talatin ko arba'in, ya bi rumfa-rumfa, daga masu albasa zuwa masu tabarmi, daga karan dabbobi zuwa tasha, salula tana rawa a hannunsa kamar mai korar ƙuda. In mun zauna mun kalla sai in tambayi ajin: to, wannan labarin wa ne? Sai a yi tsit. Kowa ya ga kasuwa, amma babu wanda zai iya faɗin abin da ya faru.

Wata rana cikin irin wannan dogon hoto, wata ɗaliba ta ce a tsaya a koma baya. A gefen hoton akwai wani yaro mai amalanken jaki, yana sayar da ruwa ga masu abinci, ya tsuguna yana ƙirga kuɗi a tafin hannu, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ta ce ta san shi, bara suna aji ɗaya a firamare da ƙanenta. Me ya fitar da shi daga lakwal? Nawa yake samu? Jakin nasa ne ko na haya? Ya isa kuɗin da ake jira ya kai gida, ko bai isa ba? Tun daga ranar muka kafa doka: kafin kowa ya taɓa salula, sai ya rubuta jimla ɗaya da Hausa cikin kayensa, wadda za ta faɗi wane ne mutumin, me yake nema, kuma me ya tare masa hanya. Wanda ya kasa rubuta wannan jimla bai samu labari ba tukuna, ko da ya cika salula da hotuna.

Domin su gane cewa manyan ma'aikatan fim ma haka suke yi, nakan kawo musu misalin Sani Magori, ɗan Galmi. A fim ɗinsa na 2008, Pour le meilleur et pour l'oignon, yana iya tara masana su yi ta bayani a kan noman albasa da kasuwarta. Maimakon haka sai ya bi manomi ɗaya, wanda auren ɗiyarsa ya rataya a kan abin da albasarsa za ta yi a kasuwa. Mai kallo yana so ya san ko za a ɗaura auren, kuma kafin ya sani ya fahimci ban-ruwa, da bashi, da dillalai, da faɗuwar farashi ranar da kowa ya kawo kaya lokaci guda. Ku ƴan kasuwa kun fi ni sanin wannan darasi: in kuna so mutum ya fahimci tsadar haya, ba lissafi kuke jera masa ba, labarin motarku da ta kwana uku a hanya kuke ba shi.

Bayan jimlar nan sai tambayoyi shida da kowane ɗan jarida ya sani: wa, me, ina, yaushe, ta yaya, don me. Sai kuma iyaka: labarinmu ba ya wuce minti uku. Yara sukan yi ƙorafi cewa minti uku ya yi kaɗan. Nakan ce musu uwar da ke jiran tukunya ta tafasa ba ta da fiye da haka, kuma ita muke so ta kalla.

Aikin hannu

Koyar da hannu shi ne mafi sauƙi, cikin mako uku ko huɗu yaro mai hankali ya kama. A riƙe salula a kwance, da hannu biyu, a manne gwiwar hannu da haƙarƙari. Kowane hoto a bar shi ya tsaya, a ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci kafin a motsa. A bar rana a bayan mai ɗauka, domin in tana bayan mai magana fuskarsa baƙi za ta yi kamar gindin tukunya. A kowane wuri a ɗauki hoto iri uku: na nesa wanda zai nuna inda ake, na tsaka-tsaki wanda zai nuna mutum da aikinsa, da na kusa wanda zai nuna hannu a kan igiya ko ido a kan ma'auni. In ana son kusantar abu, a taka da ƙafa a matsa, kada a jawo shi da yatsa.

Sauti shi ne ya fi ba mu wahala. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. Lokacin hunturu iska takan cinye rabin hira, shi ya sa muke neman bayan katanga ko cikin zaure, mu matso da salula kusa da bakin mai magana, wani lokaci mu naɗe bakinta da ƙyallen auduga. Ita kanta tambaya sai an koya. Yaro yakan ce wa tsoho: Baba, ruwa yana da wuya, ko? Tsoho ya ce: ƙwarai. Hira ta ƙare. Amma in ya ce: Baba, ba ni labarin yadda kuka sha ruwa a gidanku jiya, to sai ya nemi wurin zama. Mafi wuyar duka shi ne yin shiru bayan mutum ya ba da amsa. Sau da yawa maganar da ta fi nauyi tana fitowa ne cikin wannan ɗan shiru, lokacin da mai magana ya ga ba a yi gaggawar tsinke shi ba.

Ƙofar mangaza

Yanzu bari in zo kan abin da na ce kusanci malami ne. Kun tuna bayan juyin mulki na 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakarmu da Nijeriya, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. A cikin waɗannan watanni kuɗin abinci ya hau, rai ya ɓaci, kuma a irin wannan hali jama'a sukan nemi wanda za su ɗora wa laifi. Wasu ɗalibaina uku suka zo mini da murna, sun ce sun samu babban labari. An ce wani Alhaji ya ɓoye hatsi. Sun ɗauki ƙofar mangazarsa a kulle, sun leƙa ta taga sun ɗauki buhuna jibge har rufi, sun kuma ɗauki wasu mata biyu suna kuka da tsada. Sun haɗa, ya yi kyau, saura kawai a tura.

Na tambaye su: shi Alhajin me ya ce? Suka dubi juna. Ɗaya ya ce: Mushe, ai abokin babana ne, da wane ido zan dube shi? Na ce masa idon da ba zai iya duban mutum ya tambaye shi ba, bai kamata ya leƙa tagarsa ba. Ɗan jaridar da ya zo daga birni yana iya ɗaukar ƙofar nan, ya shiga mota, ba zai sake ganin mai ita ba har abada. Su kuwa gobe za su wuce ta gaban rumfarsa, jibi uwar ɗayansu za ta je neman bashin tiya biyu. Tsoron nan da suke ji shi ne ya tilasta musu yin abin da dokar aikin jarida ta ce a yi tun farko, wato a ji ta bakin wanda ake zargi.

Suka tafi da yamma, suka yi sallama, suka durƙusa suka gaishe shi, suka faɗi abin da ya kawo su. Da fari ya yi fushi, daga baya ya aika aka kawo makulli da littafinsa na lissafi. Wani kashi na buhunan ajiya ce ta manoma da ba su da rumbu mai kyau. Wani kashi ya saye shi da tsada, ya nuna musu kuɗin saye da na haya da na dako. Akwai kuma kashi na uku, wanda ya faɗa da bakinsa cewa yana riƙe da shi har farashi ya ƙara sama, ya ce wannan shi ne kasuwanci, in ya faɗi babu wanda zai raba hasarar da shi. Yara suka sa wannan duka cikin labarin, tare da maganar matan nan biyu, ba su rage wa kowa ba. Labarin bai wanke Alhaji ba, bai kuma ɗaure shi ba. Waɗanda suka kalla sun yi ta gardama, wasu suna ba shi gaskiya, wasu suna cewa riƙe abinci a lokacin yunwa bai dace ba. Amma gardama ce a kan abin da ya tabbata, kuma da safe yaran sun wuce ta gaban rumfarsa sun gaishe shi, ya amsa.

Izini da mutunci

Doka ta biyu a ƙungiyarmu ita ce ba a ɗaukar kowa sai da saninsa, kuma sai an faɗa masa inda za a nuna hoton. Ƙaramin yaro sai da yardar iyayensa. Ba mu ɗaukar marar lafiya a gadon likita, ba mu ɗaukar gawa, ba mu ɗaukar soja ko wurin da suke tsaro. A wuraren al'ada, kamar wajen dutsen Tunguma a Lugu, masu wurin ne za su faɗi abin da ake ɗauka da wanda ba a ɗauka, kuma maganarsu ita ce ta ƙarshe. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa, to hoto ya fi ta. Wani ɗalibi ya taɓa ɗaukar mata a bakin rijiya daga nesa, cikinsu har da wata amarya da ɗankwalinta ya zame tana dariya da wani mai shayar da shanu. Babu komai a ciki. Amma mijinta yana cin rani a wata ƙasa, kuma ƴan ajin da kansu suka lissafa kwana nawa hoton zai yi kafin ya isa salularsa, da irin maganar da za a rubuta a ƙarƙashinsa. A gabanmu ya goge shi.

Nakan kuma karanta musu abin da hukuma ta tanada, domin rigakafi ya fi magani. Nijar ta kafa dokar hukunta laifuffukan intanet a 2019. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi, a watan Yuni na 2024 aka mayar da shi. Yaron da ya tura abin da bai tabbatar ba yana iya jawo wa kansa da ubansa abin da ba su shirya masa ba.

Nan ne kuma na ga amfanin sa kamara a hannun ƴan mata. Akwai ƙofofin da namiji ba ya shiga, akwai maganar da mace ba ta faɗa sai ga mace. Labarin da ya fi kowane tasiri a cikin waɗanda muka yi, ƴan mata biyu ne suka ɗauke shi. Sun bi gwaggon ɗayarsu tun daga kiran sallar asuba har hantsi, daga gida zuwa rijiya, daga rijiya zuwa gida. Ba su sa kiɗa ba, ba su yi sharhi ba, sai ƙarar igiya da numfashin mai ja. A ƙarshe suka tambaye ta: Gwaggo, da an kawo famfo ƙofar gida, me za ki yi da wannan lokaci? Ta yi shiru, sannan ta ce da ta bar ƙaramar ɗiyarta ta tafi lakwal.

A mayar wa masu shi

Doka ta uku ita ce kafin labari ya fita gari, sai waɗanda ke cikinsa sun gani. Wannan ma a ƙasarmu aka koye shi. Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi shekaru yana ɗaukar fim a Nijar, har ajali ya same shi a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya ɗauki farautar dorina da Sorkawa suke yi a kogin Kwara. A 1954 ya koma Ayoru ya haska musu fim ɗin. Ya sa kiɗa a kan wurin farauta domin ya ƙara masa armashi, sai mafarautan suka ce masa dorina tana da kunne, in ta ji kiɗa gudu za ta yi. Ya cire kiɗan. Mutumin da jami'o'in Turai suke girmamawa, masunta ne suka gyara masa aiki, ya kuma karɓa.

Mu ma a ƙarshen kowane zango mukan ɗaura farin zanen gado a jikin katanga, mu aro na'urar haska hoto, mu gayyaci iyaye da duk wanda ya fito a cikin labari. Dare ne na dariya, domin tsoho bai saba ganin kansa yana tafiya ba. Dare ne kuma na hisabi. An taɓa yin wani dattijo da ya miƙe ya ce yara sun ce an gina rijiyar unguwarsu a zamanin mai gari wane, alhali a zamanin wansa ne, shi da kansa ya ɗauki ƙasa a ranar. Yaron da ya rubuta sharhin ya ji kunya, ya nemi gafara, ya gyara. Ban taɓa ba da jan maki a kan takarda da ya shiga jikin ɗalibi kamar wannan gyara ba. Tun daga nan in an faɗa masa abu sai ya nemi mutum na biyu ya tambaya.

Wasu iyaye suna tsoron wannan aiki zai ci lokacin karatu, ga jarrabawar birebe tana tafe. Ga amsata. Labaranmu da Hausa muke yin su, harshen da kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana a matsayin harshen ƙasa, sannan mu rubuta fassarar Faransanci a ƙasan hoto saboda ma'aikatan da ba su jin Hausa. Yaron da ya kwana yana neman yadda zai sa maganar kakarsa cikin jimlar Faransanci gajera, wadda ba ta ci amanar maganar ba, ya yi nahawu da fassara da taƙaitawa a zama ɗaya. Wanda ya bi kuɗin buhu daga gona zuwa kasuwa ya yi lissafi. Wanda ya zauna gaban tsoho ya yi tarihi.

Roƙona gare ku

Ku ma'aikata, roƙona gare ku ba na kuɗi ba ne. In yara sanye da kayan lakwal suka yi sallama a ofishinku da kaye da salula, ku ba su minti goma. Akwai wani ofishi da ɗalibaina suka je sau uku suna neman a faɗa musu yaushe za a gyara wani famfo da ya lalace, sau uku ana ce musu shugaba ba ya nan. Suka rubuta a ƙarshen labarin cewa sun nemi jin ta bakin masu alhakin aikin ba su samu ba, kuma gaskiya suka rubuta. Da an ce musu kuɗi ne babu, ko kayan gyara ake jira, da jama'a sun ji, da yawa kuma sun yi uzuri. Inda ma'aikaci ya yi shiru, jita-jita ce take amsawa a madadinsa, kuma ba ta taɓa amsawa da alheri ba.

Ku ƴan kasuwa, na san a cikin akwatunanku akwai tsofaffin salula da kuka daina aiki da su, waɗanda kamararsu lafiya lau take. Makarantun Arewa, daga Dogonduci da Matankari har Tibiri, suna buƙatarsu, tare da ƙaramin farantin hasken rana na caji da katin ajiyar hotuna. Abin da ake kashewa a walima ɗaya ya isa ya tayar da ƙungiya guda. Sharaɗi ɗaya ne: ku ba da don Allah, kada ku sa ran yara su zama maroƙanku. Maroƙi yana da sana'arsa mai daraja, ɗan jarida yana da tasa, kuma ranar da aka zarge ku a kan abin da ba ku yi ba, yaron da aka san ba ya sayar da bakinsa shi ne zai iya fitar da ku.

Ba na ruɗin kaina cewa yaran nan duka za su zama ƴan jarida. Ƙila ɗaya ko biyu su kai makarantar koyon aikin jarida a Yamai, ko su yi aiki da gidajen rediyo, ko su bi sahun Aïcha Macky, ƴar Damagaram da fina-finanta suka zaga duniya. Sauran manoma za su zama, da ƴan kasuwa, da malaman asibiti, da matan aure. Amma wanda ya taɓa yanka hoto da hannunsa ya san cewa kowane bidiyo akwai abin da aka bari a wajensa. In aka turo masa wani abu da tsakar dare, zai tambaya wa ya ɗauka, a ina, yaushe, kuma me wancan ɓangaren ya ce, kafin ya tura wa mutum ɗari. Gari mai irin waɗannan mutane goma yana da wuyar tayarwa da ƙarya.

Ga abokan aikina malamai kuwa, kada ku jira sai an aiko da kaya daga Yamai ko daga wata ƙungiya ta waje. Salula ɗaya ta isa a fara, da yara biyar, da labarin mutum ɗaya na cikin unguwa wanda ya yarda a ɗauke shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu dace. Sai wani jiƙon.